Ni Na Sa Ɗiyata Ta Goge Amsarta, Ashe Ita Ce Daidai

Assalamu alaikum Hajiya Rahama, da fatan kina lafiya ke da iyali. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma maganar irin wadda in na faɗa wa maƙwabta dariya za su yi ce, su ce dubi abin da ya hana matar nan sukuni, lissafin ƴan lakwal, wato makarantar boko. To ni dai ya hana ni, don a kansa ake shirin raba ni da autata.

Ki yi haƙuri da rubutun. Da hannuna na yi shi, yau layi kaɗan gobe layi kaɗan, in na sauke tukunya. Ban taɓa riƙe bik na rubutu ba sai da na yi haihuwa biyar. Ni mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Maraɗi, aure ya kawo ni Yamai, muna zaune a Kirkissoye. Maigidana Sumana Bazabarme ne, yana noman shinkafa a fadamar bakin kogi, ni kuma ina sayar da dambu da kopto, kwaɗon zogale, a ƙofar gida. Manyan ƴaƴana biyu sun bar lakwal a hanya, kuma har suka bari ban san inda karatun ya tsaya musu a wuya ba. Sukan shigo da kaye, littafin rubutunsu, a hannu su wuce ni kamar sun wuce turmi. Ba laifinsu ba ne, me za a nuna wa turmi? Wannan ne ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu na je na ba da sunana, da auta goye a bayana. Mata suna ta zolaya, wai a ba ni hanya ga minista ta fito. Ban kula su ba.

Da Hausa aka koya mana. Faransanci ba ni da shi sai na gaisuwa da na kasuwa. Amma lamba lamba ce, bakwai ɗin Bafaranshe da na Bahaushe kamarsu ɗaya a takarda. Don haka tun da auta ta shiga lakwal, zan kira ta Kadi ko da yake ba sunanta ke nan ba, muka yi wa kanmu tsari. Bayan la'asar, kafin masu sayen dambun yamma su fara sallama, sai ta ɗauko kaye ta karanta lissafin da aka ba su, ta juya mini shi da Hausa, mu yi tare. Ni ina da saurin lissafin ka, ita ta iya jera shi a takarda yadda malamai suke so. Shekaru muna haka, kuma makinta na lissafi bai taɓa ba ni kunya ba. Hajiya, ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ɗan zaman nan shi na fi so a duk yinina. Nan ne kawai nake jin zaman da na yi a kan benci da ciwon gwiwa, yara na leƙen mu ta taga, bai tafi a banza ba.

Bana tana ajin ƙarshe na firamare, na shirin shiga kwaleji, kuma an kawo musu sabon malami, Mushe Mamman, wato Malam Mamman a bakin ƴan lakwal. Wata rana ta zo da lissafi, ga yadda ta fassara mini shi. Mutum arba'in da takwas suna son ƙetare kogi, kwalekwale ɗaya ne a bakin ruwa, sahu nawa mai jirgin zai yi kafin ya ƙetar da su duka? Na ga ta riga ta rubuta wani abu da fensir a ƙasa, dogon layi babu lamba ko ɗaya a ciki. Da na tambaya sai ta ce ta rubuta cewa ba za a iya ba da amsa ba, don ba a faɗi mutum nawa jirgin yake ɗauka ba.

Zan faɗa miki gaskiyar abin da ya zo mini a rai, ko da za ki ga wautata. Da farko na ɗauka ƙyuya ce, ta ga rabawa tana gudu. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne na ga rashin kunya. Ƙaramar yarinya ta ɗauki fensir ta rubuta wa malaminta cewa tambayarsa ba ta cika ba? Mu ba haka aka tashe mu ba. Ba a ce wa babba maganarsa da saura. In maigida ya ce yau baƙi za su zo, ba ya faɗin su nawa ne, ke kuma ba kya tsayawa kina yi masa tambayar ɗan sanda. Ki dubi fuskarsa, ki tuna su wa ya yi zancensu jiya, ki auna tsaba. In ya isa kin cika mace, in bai isa ba ke ce ragguwa. Uwar mijina, Allah ya ji ƙanta, takan aike ni kasuwa da kalma biyu, kayan miya, ba ta ce wace miya ba, ba ta ce ta mutum nawa ba, kuma ban taɓa dawowa na ce mata aikenta bai cika ba. Duk rayuwata rabin magana ake ba ni in cika sauran da kaina. Abin da na sani ke nan ana kira hankali, kuma shi nake so ɗiyata ta gada.

Ga shi kuma na san jirgin. Na sha shiga shi, da kaya da goyo. Mutum sha biyu yake ɗauka in ana so a isa lafiya. Sai na ce ta goge wannan surutun, ta raba arba'in da takwas gida sha biyu, ta rubuta huɗu. Ta ce Mushe ya hana su ƙirƙiro lamba. Na ce wannan ba ƙirƙira ba ce, sani ne, ta je ta tambayi duk wanda ya taɓa taka jirgi. Ta buɗe baki za ta ƙara magana na daka mata tsawa, na ce tun ba a san za a haife ta ba nake ƙetare ruwan nan. Ta goge tana share hawaye da gefen hijabi, ta rubuta huɗu.

Ashe da gangan Mushe Mamman ya yi. Cikin lissafin da ya ba su ya cusa guda wanda bayaninsa bai cika ba, don ya ga wa zai lura. Waɗanda suka rubuta irin abin da Kadi ta fara rubutawa su suka ci. Ita kuwa ya ɗaga kayenta a gaban aji ya tambaye ta inda ta samo sha biyu. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, ta ce innarta ce ta faɗa mata. Aji ya kwashe da dariya. An ce shi bai yi dariya ba, har ya tsawata musu, ya ce jirgin innarta daban na takarda daban. Amma yaro yaro ne. Tun ranar suke kiranta Duz, wato sha biyu da Faransanci, har a hanyar famfo. Ba ma ita ta gaya mini ba. Ɗiyar maƙwabciyata ce ta ba uwarta labari, uwar ta kawo mini shi da zafinsa tana riƙe ciki, tana zaton ni ma zan taya ta. Na taya ta da haƙora, na zuba mata dambunta ta tafi, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma yanzu yarinyar ta tsorata da kowane lissafi, wanda duk ta gani sai ta ce tarko ne. A jarabawar da aka yi musu kwanan baya an ce mai gidan burodi yana gasa burodi ɗari da hamsin kullum ba fashi, nawa zai gasa a sati biyu? Ta rubuta bayani bai isa ba, ba a faɗi yawan kwanaki ba. Sifiri. Wani kuma fili ne murabba'i, an ba da tsawon gefe ɗaya mita ashirin, ana tambayar tsawon wayar da za ta kewaye shi. Ta rubuta ba a faɗi sauran gefe uku ba. Shi ma sifiri. Ni kaina sai da babanta ya zana mini a ƙasa da tsinke, ya ce murabba'i duk gefensa huɗu tsawonsu ɗaya ne, kamar fangalin shinkafar da aka yanka daidai.

To Hajiya, nan ne kaina ya ɗaure. Da na kawo sha biyu daga kaina an ce laifi ne, ba a kawo lamba daga waje. Da ita ta ƙi kawo bakwai daga kanta an ce laifi ne, ai kowa ya san sati kwana bakwai ne. To ai a wurina kowa ya san jirgi sha biyu yake ɗauka! Me ya raba sanina da nasu? Ko dai sanin wanda ya yi lakwal tun yana yaro shi ne sani, namu na waɗanda suka zo a makare kuwa ba ya shiga takarda? Na juya abin nan ina tankaɗe, na juya shi ina wanke-wanke, ban ga bakin zaren ba. In ni ban gane ba, yaya zan ce mata ga lokacin da za ki ce bayani ya isa, ga lokacin da za ki ce bai isa ba?

Har yanzu tana zuwa ta zauna bayan la'asar, ba ta ƙi ba. Amma takan kare kayen da hannu. Ta fassara mini rabi ta ce sauran an yi a aji. In na faɗi wani abu sai ta dubi ƙasa ta ce to, kuma ba ta rubutawa. Wannan to ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Na yi niyyar zuwa wurin Mushe Mamman. Na yi wanka na ɗauko mayafin da nake zuwa biki da shi, na kai har bakin ƙofar lakwal. Da na ji muryar yara suna maimaita karatu da Faransanci sai na ja na tsaya. Na ce a raina su ne fa suka yi dariyar, in na shiga za su leƙo su ce ga uwar Duz ta zo da jirginta, in ƙara wa yarinyar wani abin. Na juya, na tsaya na sayi tumatir ɗin da ba ni da buƙatarsa don kada mai teburin da ke bakin ƙofar ta ce me ya kawo ni, na koma gida.

Sumana ba mai faɗa ba ne. Da ya ga makin sai da ya gama cin abinci ya wanke hannu, sannan ya ce ba don ya raina ni ba, Allah ya sani na yi ƙoƙari, amma karatun yarinyar ya kai inda nawa ya tsaya, kuma mai rakiya yana da inda yake juyawa. Ya ce ya yi magana da ƙanwarsa Zainabu da ke unguwar Talladjé, ƙetaren kogi. Sakatariya ce a wani ofis, ta yi karatu mai zurfi, ƴaƴanta sun girma. Bayan hutun da ke tafe Kadi za ta koma wurinta, a sa ta lakwal ɗin unguwarsu har ta yi jarabawa, in ta samu kwaleji ma ta ci gaba a can. Zainabu ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, ita ta yi jinyata lokacin da na sha wuyar haihuwar Kadin ma. Kuma na san za a ce Talladjé ai nan ne, gada kawai za ki hau. Amma na ga yadda riƙo yake. Yaro in ya tafi ya tafi, sai ranar salla ya zo ya durƙusa ya gaishe ki kamar baƙo.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ya ce kafin a yi hutu in faɗa masa abin da na gani, don ba ya so ya ɗauke ta ina kuka. Wani lokaci in ce son kaina ne kawai, ina so in riƙe yarinya don in ji daɗin zama da ita alhali ina ɓata mata karatu. Wani lokaci in ce a'a, shekara nawa muna yi lafiya, kuskure ɗaya ne. Sai kuma in tuna kuskure ɗayan ne ya haifi sauran.

Hajiya ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Yaya ake gane bayanin da aka bayar ya isa ko bai isa ba? Tarbiyyar da na ba ta ce ta cuce ta? Kuma in bar ta ta tafi, ko in roƙi babanta ya bar mini ita?

Uwar auta, Kirkissoye

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe ban yi dariya ba, sai wurin tumatir, shi ma murmushin wadda ta taɓa sayen irinsa ne. Rubutunki kuwa ba ya buƙatar haƙurin kowa.

Bari in fara da lissafin, don shi ne mai sauƙi a cikin abubuwan da kika kawo. Tambayarki ta me ya raba sha biyu da bakwai tambaya ce ta gaske, kuma amsarta ba ta da alaƙa da wanda ya yi lakwal da wuri da wanda ya yi a makare. Je ki bakin kogi ki tambayi masu jirgi mutum nawa suke ɗauka. Wani zai ce goma, wani sha biyar, wani zai ce ya danganta, ruwa ya cika ko ya janye, da kaya ko babu, jirgin babba ne ko ƙarami. Dukansu gaskiya suka faɗa. Yanzu ki tambayi kwana nawa ne a sati, a Yamai, a Damagaram, a Makka. Bakwai za ki ji. Abin da ba ya canzawa ko wa aka tambaya, an yarda yaro ya zo da shi daga kansa, ana ma sa ran ya zo da shi: kwanakin sati, minti sittin na awa, giram dubu na kilo, gefen murabba'i. Abin da yake canzawa daga jirgi zuwa jirgi, ko daga tiyar wannan zuwa tiyar waccan, dole takarda ta faɗe shi. In ba ta faɗa ba, amsar ita ce a ce ba ta faɗa ba. Sha biyunki ba ƙarya ba ne. Amsar jirgin da kika sani ce, ba a kuwa ce shi ne a bakin ruwan ba.

Ga abin da za ki koya wa Kadi, kuma ba ya buƙatar Faransanci. Kafin ta taɓa bik ta faɗa da bakinta me ake nema, sannan me take buƙatar sani kafin ta same shi. Sai ta duba ko yana cikin takarda, ko kuwa ya ɓuya cikin wata kalma irin su sati, rabi, dozin, murabba'i. In har yanzu tana shakka, ta gwada lamba biyu. In jirgin takwas yake ɗauka, sahu shida ne. In sha biyu ne, sahu huɗu. Amsa ta canza, kuma babu abin da ke cikin tambayar da ya hana ko ɗaya daga ciki, to bayani bai isa ba. A na burodi kuwa ba ta da damar ta ce satin nan kwana biyar ne. Ki kafa mata doka: kada ta rubuta bayani bai isa ba sai ta iya kiran sunan abin da ya ɓace, ta kuma tabbata ba abin da duniya duka ta yarda da shi ba ne. Ki kuma kwantar mata da hankali cewa yawancin lissafin da ake ba yara cikakke ne, mai giɓin jefi-jefi yake zuwa.

Batun tarbiyya, ba ki cuce ta ba. Cika rabin magana da hankali baiwa ce, gidaje da yawa a kanta suke tsaye. Amma akwai wuraren da cika giɓi da zato yake zama haɗari. Ma'aikaciyar asibitin da aka ce ta ba jariri magani ba a faɗa mata nauyinsa ba, in ta ce sai an auna shi, ba rashin kunya ta yi ba, rai ta tsare. Telan da ya ƙi yanka yadi sai an kawo awo ba raini ya yi ba. Abin da Mushe Mamman yake son koya musu ke nan, kuma abu ne mai kyau. Sai dai shi ma da gyara a aikinsa. Bai kamata ya tambayi yarinya a gaban aji abin da zai iya tambayarta su biyu ba, kuma malamin da ya kawo sabon salo ya kamata ya lura in salon ya firgita yaro maimakon ya wayar da shi.

Don haka ki koma lakwal ɗin, wannan karon ki shiga. Ki je bayan an tashi in idon yara ne ba kya so, ki yi masa Hausa ko Zabarmanci, shi ma uwa ce ta haife shi. Kina da abin da za ki kai masa wanda bai sani ba. Shi huɗu kawai ya gani a kayen, bai ga abin da aka goge ba. Har yau yana zaton Kadi na cikin waɗanda ba su lura ba, alhali tana cikin waɗanda suka fara lura. Ki faɗa masa wannan, ki faɗa masa sunan da ake kiranta da shi, da tsoron da ya shige ta. Malamin da ya tsawata wa aji don ita ba zai wulaƙanta ki ba.

Maigidanki yana da gaskiya a wani gefe, kada ki ƙi ji. Ranar tana zuwa, a kwaleji ko kafin nan, da lissafin zai wuce inda za ki iya bin sa. Amma ba amsa kaɗai ake ba yaro ba. Daga yau ki daina ba ta lamba, ki koma mai tambaya. Ki riƙa ƙirƙiro mata lissafi daga tukunyarki, wani cikakke, wani ki cire masa abu ɗaya da gangan, ki bar ta ta kama ki. In ta ce Inna ba ki faɗi kaza ba, ki yi dariya ki ce ta ci. Yarinyar da ta saba kama innarta cikin wasa ba za ta firgita da tarkon takarda ba.

Kuskurenki, tunda kin ce in faɗi gaskiya, ba sha biyun ba ne, tsawar ce. Ta faɗa miki abin da malaminta ya ce, kika rufe mata baki da shekarunki. Kowace uwa ta taɓa yin haka, ni ma ban fita ba. Amma kuskuren da aka yi da baki, da baki ake gyara shi.

Sai maganar Talladjé. A ganina ba yanzu ba. Yarinyar da ke cikin firgici, a canza mata gida da malami da ƙawaye ana dab da jarabawa, za ta ɗauka hukunci ne aka yi mata, ko kuma shaida ce cewa ta kasa. Abin da ke damunta ba rashin mai koyarwa ba ne, ta daina yarda da hankalinta ne, kuma wannan zai bi ta ya hau gada. Amma kada ki mai da abin gardama. Mutumin da ya ce ba ya so ya ɗauke ta kina kuka, ya kuma nemi ra'ayinki, ya cancanci a je masa da shawara, ba da hawaye kaɗai ba. Ki ce masa Kadi ta riƙa zuwa wurin gwaggonta Asabar da Lahadi, Zainabu ta duba mata Faransanci da lissafi, sauran kwanaki tana gida a lakwal ɗinta. Ku ga makin jarabawa ta gaba, sannan ku sake zama. Maganar kwaleji a bar ta sai an kai can. Akwai kuma abin da wasiƙarki ba ta faɗa mini ba, ba zan kuwa cika shi da zato ba: ko Zainabu tana da sararin zama da yarinya kullum bayan ta taso daga aiki, da kuma abin da Kadi kanta take so. Ba ita za ta yanke hukunci ba, amma a ji ta bakinta kafin a yanke.

In bayan duk wannan kuka ga can ya fi mata, ki ɗaure mata kaya da hannunki, da sakin fuska, ba faɗuwa kika yi ba. Amma ko ta tafi ko ta zauna, kafin ki ga Mushe, kafin ki yi magana da babanta, ki fara da ita. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki ce mata ranar nan ita ce da gaskiya, ke ce kika yi kuskure. Har yau babu wanda ya faɗa mata haka, kuma Zainabu ba za ta iya ba, Mushe ba zai iya ba, don ku biyu kaɗai kuka san abin da ta rubuta.

Allah ya ba Kadi sa'ar jarabawa, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ku ci amfanin karatunku ke da ita.

Hajiya Rahama